Kwantaccen Cikin Adda

Gashin na fara gani. Da hantsi ne, 'yan kwanaki bayan an kawo amaryar yayana gidanmu a unguwar Sintali da ke Jalingo, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ana gyara mata kitso. Ta ɗaga kai don mai kitson ta kama gashin goshi, rana ta sauka a wuyanta, sai ga waɗansu 'yan silin gashi baƙaƙe a ƙarƙashin haɓarta, gajeru, masu kauri, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo.

A lokacin ina tsakiyar sakandare, kuma rabin hankalina yana cikin littattafan soyayya. Akwai wani ɗan shago a hanyar kasuwa da ake kawo masa su daga Kano, yana ba da haya, ni kuwa babu sabon da zai sauka ban karanta ba. Daga cikinsu na koyi yadda kyakkyawar mace take: dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, fata kamar ta jariri. Matar yayana tana da kusan duk wannan, har ta fi waɗansu na cikin littafin, domin ita idan ta yi dariya sai ka ji kamar an buɗe taga. Amma babu marubucin da ya taɓa gaya mini cewa tauraruwa tana iya samun gashi a haɓa.

A gidanmu Hausa muke yi, amma kiran manya da Fulatanci yake. Yayana shi ne Hamma, mahaifiyarmu Dada, amaryar kuma na kira ta Adda tun ranar farko. Ita ce ta raɗa mini Malama, saboda littafin da ba ya barin hannuna. Ranar nan ta kama ni ina kallonta, ba ta ko motsa kai ba ta ce, "Malama, me kike karantawa a fuskata?"

Na ce gemu.

Mai kitso ta kwashe da dariya har tsinken ya faɗi. Adda ta ce, "To ki iya bakinki. An ce mace mai gemu arziki ke jiranta. Ranar da ya zo, ko ɗankwali ba zan saya miki ba." Daga wannan ranar muka zama ƙawaye.

Adda ta yi karatun allo sosai, amma boko bai zauna mata ba. Don haka bayan la'asar, idan an gama aiki, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida in karanta mata. Ba ta da haƙuri da samarin cikin littafi. Idan wani ya tsaya yana jero wa budurwa kalamai shafi guda, sai ta ce wannan ba shi da sana'a ne? Idan budurwa ta suma don ta ga masoyinta, sai ta ce yunwa ce, a ba ta kunu. Duk da haka idan na rufe littafin sai ta ce in ƙara shafi ɗaya.

A gida irin namu ba a ɓoye al'adar mace, ko da ba wanda ya furta ta, domin salla ce ke faɗa. Wadda ta zauna a ɗaki lokacin da sauran suka ɗauki buta, an sani. A shekararta ta farko Adda takan yi fashin salla jefi-jefi, wani lokaci wata biyu ko uku a tsakani. Daga baya ta gaya mini cewa haka take tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, sai ma murna da take yi azuminta ba ya yawan karyewa. A shekara ta biyu sai abin ya ɗauke gaba ɗaya. Wata ya tsaya, ya cika, ya mutu, wani ya tsaya, Adda tana kan sallarta. Dada ta lura kafin kowa. Wata safiya sai ta karɓe taɓarya daga hannun Adda ta miƙa mini.

Jikin Adda ya fara cika, musamman ƙugu da mara. Zannuwanta suka daina zagayowa yadda suka saba. Hamma, wanda ke sayen masara da doya a kasuwannin Mutum Biyu da Iware yana kawowa gari, ya fara dawowa da abubuwan da ba a aike shi ba: zuma, kifi banda, wata rana har da wata 'yar hula ta ulu wadda ko dunƙulen hannuna ba za ta rufe ba. Ya ajiye ta a kan gadon Adda ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a idona wannan hular ta fi duk kalaman samarin littattafaina.

Watannin haihuwa suka cika, suka wuce. Cikin bai ƙara tasowa ba, bai kuma koma ba. Aka kira wata tsohuwar ungozoma ta unguwarmu, wadda ita ta yanke cibiyata. Ta shiga ɗaki da Adda, ta daɗe tana lallatsa mararta, ta fito tana goge hannu a zane ta ce wa Dada kada a tayar da hankali, ciki ne, amma ya kwanta.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamakin yadda maganar ta kwantar da hankalin gida. Mu a wurinmu sanannen abu ne cewa ɗa yana iya yin barci a cikin uwarsa. Tsoro ko baƙin ciki ko wani iska yakan sa ya dunƙule ya daina girma, ya yi shekara, ya yi biyu, wani ma an ce ya fi haka, sai ranar da Allah Ya tashe shi. Kowace tsohuwa tana da labarin wadda ta san hakan ya faru da ita. Har laƙabi na musamman akwai da ake yi wa yaron da ya shekara a ciki.

Ni kam abin ya tafi da ni. Na karanta labaran masoyan da aka raba da waɗanda suka haɗu bayan shekaru, amma ban taɓa karanta abin da ya kai wannan ba: mutum guda cikakke, yana nan tare da mu a tsakar gida, yana barci a ƙarƙashin zanen Adda, yana jiran lokacinsa. Nakan dubi cikinta in yi tunanin ko yana mafarki, kuma wanda bai taɓa ganin duniya ba, mafarkin me zai yi? Idan aka yi tsawa a kan duwatsun da ke bayan gari, sai in saurara ko wannan ce za ta tashe shi. Adda ma ta fara yi masa hira. Idan ina karatu a gindin mangwaro sai ta ce, "Ɗaga murya, Malama, ya ji. Wataƙila haushin wannan saurayin marar sana'a ya tashe shi."

Dada ta ɗauki renon cikin da gaske. Aka hana Adda daka, aka hana ta ɗaukar ruwa, aka hana ta tafiya mai nisa, ko gidan suna sai an tabbatar kusa ne. Kullum da safe kwanon kunun gyaɗa mai kauri da sukari har sai cokali ya ji, da rana tuwo, da yamma fura da nono, don a ba mai barci ƙarfi. Aka yi rubutu, aka jiƙa sassaƙe, aka yi turare. Adda ta sha duk abin da aka ba ta ba musu.

Sauran alamomin kuwa kowanne Dada tana da fassararsa. Gashin haɓa ya ƙaru, ya hau gefen kunci, ta ce ai namiji ne a ciki, shi ya sa. Ƙuraje suka feso a fuskar da ba ta san su ba ko a budurci, ta ce zafin ɗa namiji ne. Bayan wuyan Adda da hammatarta suka yi duhu, fatar ta yi kauri kamar ƙaramin kilishi mai laushi, ta goge da soso har ya yi ja bai fita ba, Dada ta ce wannan ma haka ciki yake yi. Mai kitso ce kawai ta ce a hankali gashin tsakiyar kan yana raguwa, sai ta riƙa karkata tsagar don ta rufe wurin.

Haka muka zauna har aka shiga shekara ta biyu da kwanciyar cikin. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Wata safiya da damina, Adda ta kira ni daga bayan ɗaki da wata murya da ban san ta da ita ba. Jini ne, mai yawa, da gudaji. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yana fita. Malama, yana fita." Dada ta so a kira ungozoma, amma Hamma yana gida ranar, kuma wannan ne karo na farko da na ga ya yi magana a kan maganar Dada. Ya ce asibiti za a tafi. Akwai wani asibitin kuɗi da aka buɗe bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha, wanda aka ce yana da na'urar da ke ganin cikin mutum. Aka sa ni na bi su saboda na iya Turanci.

Ashe Turancina ba zai yi aiki sosai ba. Likitan mutumin kudancin jiharmu ne, yana jin Hausa irin ta kasuwar Jalingo, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Ya yi wa Adda tambayoyi masu yawa: tun yaushe, kafin aure yaya yake zuwa, ta taɓa jin motsi? Adda ta ce ba ta taɓa ji ba, ai barci yake. Likitan bai yi dariya ba. Ya dubi haɓarta, ya ce ta juya ya ga wuyanta. Aka gwada fitsari. Aka ba ta ruwa ta sha har mararta ta cika, muka zauna jira, domin babu wuta sai an tayar da janareta.

Ɗakin hoton ƙarami ne, an rufe tagarsa da baƙin labule. Hamma ya tsaya a waje. Wata nas mai fara'a ta kwantar da Adda, ta shafa mata wani mai mai sanyi a mara. Likitan ya ɗora wani abu kamar ƙaramin dutsen guga a kai, sai allon da ke gefe, wanda bai kai talabijin ɗin maƙwabtanmu ba, ya kawo haske.

Ban san abin da na zata zan gani ba. Ina jin na zaci jariri a dunƙule, da hannu a ƙarƙashin kunci. Abin da ya bayyana kamar sararin sama ne lokacin da hadari ke haɗuwa, toka-toka da baƙi suna juyawa, kuma duk lokacin da Adda ta ja numfashi sai sararin ya motsa. Na manta da tsoron da ya kawo mu. Wannan cikin Adda ne, wurin da ba idon da ya taɓa shiga, ko nata, ga shi a buɗe a gabana ba tare da an tsaga ta ba. Na yi tasbihi a zuci.

Likitan ya nuna wani abu mai siffar gwanda ƙarama ya ce wannan ita ce mahaifa. Ya daɗe yana zagaya ta ta kowane gefe. Sannan ya ce, a hankali, "Madam, yaro babu a nan. Bai fita ba. Tun farko babu shi."

Na dubi Adda. Idonta yana kan rufin ɗaki.

Ya matsar da abin zuwa gefen mara, ya tsaya, ya kira ni da hannu. A allon akwai wani abu mai siffar ƙwai, kuma a gefensa, zagaye da shi, ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun jeru ɗaya bayan ɗaya, kusan girmansu guda, kamar da gangan aka shirya su. Ya koma ɗaya gefen, can ma haka. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Jigida."

Nas ta yi dariya. Likitan ya ce haka ne, su ma a littafinsu da abin wuya ake kwatanta shi. Adda ta juyo da kai ta dubi allon, ta daɗe tana kallo. Mace ce mai son jigida, tana da su kala-kala a cikin gwangwani, ga kuma wata a can ciki da ba ta san tana ɗaure da ita ba.

Bayan ta gyara zane aka kira Hamma, likitan ya zaunar da mu ya yi bayani, rabi da Hausarsa rabi da Turanci, nas tana cike gurbi. Ya ce kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Kowane wata ƙwayaye da dama sukan fara girma, kowanne a cikin 'yar jakarsa ta ruwa, sai guda ɗaya ya fi sauran, ya nuna, ya fito. Idan ya haɗu da na namiji, ciki ke nan. Idan bai haɗu ba, jini ya zo. Abin da ke tsara wannan duka waɗansu sinadarai ne da ke yawo a cikin jini, suna kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa mara, su komo da amsa. Da ya faɗi haka na gane nan take, domin babu littafin da na karanta wanda babu ɗan aike a cikinsa, kuma na san abin da ke faruwa idan ɗan aike ya rikita saƙo.

A jikin Adda, in ji shi, 'yan aiken nan ba su daidaita ba. Ƙwayayen suna fara girma, amma babu wanda ke kaiwa ga nuna, sai su tsaya a hanya, su jeru a gefe. Su ne muka gani. Ba ƙari ba ne, ba ciwon daji ba ne, ba kuma wanda ya yi mata wani abu. Akwai wani sinadarin da maza suka fi yawansa, wanda kowace mace ma tana da kaɗan, nata ya ɗan haura, shi ya kawo gashin haɓa da ƙuraje da zubewar gashin kai. Akwai kuma wani mai kula da sukari a jini, wanda jikinta ba ya saurarensa sosai, shi ya kawo ƙibar ƙugu da duhun wuya, kuma ƙibar tana ƙara rikita sauran. Jinin da ya zo yau kuwa na watannin da suka wuce ne, ya taru a bangon mahaifa har ya gaji ya sauko. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, mai tsawo, wanda yanzu nake jin 'yan mata suna taƙaita shi da harufa huɗu, PCOS. Ya ce mata da yawa suna da shi ba su sani ba.

Ni ina zaune ina jin kamar an ɗaga wani labule. Gashin da na gani da tsintsiya a hannuna, da sallar da ba ta yanke ba, da wuyan da aka goge da soso, da tsagar da mai kitso ke karkatarwa, ashe duk magana ɗaya ce jikin Adda yake ta faɗa shekaru, mu kuwa muna ji muna fassara ta da wani harshe.

Hamma ya yi tambaya ɗaya: za ta haihu? Likitan ya ce ba zai yi alkawari ba, domin ba shi ke bayarwa ba, amma ƙwai tana da su, har sun yi yawa, abin da ake nema ɗaya ya nuna. Ya ce ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, lallaɓa shi ake yi, kuma da yawa masu shi sun haihu.

Sai a lokacin Adda ta yi magana. Ba likitan ta duba ba, ni ta duba. Ta ce, "To Malama, wa muke yi wa karatu?"

Haka muka kama hanyar gida.

Abin da ya fi wuya shi ne maganin. Likitan ya ce da farko sai an daidaita al'adar na wasu watanni, kada jinin ya sake taruwa, kuma ƙwayoyin da ya rubuta su ne waɗanda mata ke sha don hutun haihuwa. Ya ce a rage sukari da tuwo, a ƙara ganye da wake, ta yi aiki, ta yi tafiya kullum har ta yi gumi. Wato duk abin da Dada ta yi shekara biyu tana yi da ƙauna, a juya shi. Da na gaya wa Dada, ta ajiye carbinta ta tambaye ni ko na ji da kyau. Ta ce an kai yarinya neman ɗa an dawo da maganin hana ɗa, kuma inji ne zai gaya mata babu jikanta, alhali mai barci ai ɓuya yake. Ta yi kwanaki ba ta yi wa Hamma magana mai tsawo ba. Shi kuma ya durƙusa a gabanta ya ce ta yi haƙuri, an gwada wancan shekara biyu, a bari a gwada wannan. Ba ta ce to ba, amma ba ta hana ba. Washegari dai ta dama kunun gyaɗa kamar kullum, ta ajiye a ƙofar Adda, ni na shanye.

Adda ta yi makoki. Ba wanda ya zo gaisuwa, domin ba wanda ya mutu, amma na ga makoki da idona. Ta naɗe 'yar hular ulun ta sa a ƙasan akwati. Ta daina fitowa gindin mangwaro. Idan ta manta ta ɗora hannu a mara, sai ta janye shi da sauri kamar ta taɓa tukunya. Na taɓa kawo littafi na zauna a bakin gadonta, ta ce in bari tukuna.

Tafiyar ce ta dawo mini da ita. Da sassafe, bayan an share gida, mukan sa mayafi mu bi hanyar da ta gangara bakin kogi, inda matan ƙabilar Mumuye ke wucewa da doya a ka suna tafiya kamar ba su ɗauki komai ba. Da farko Adda tana haki kafin mu bar unguwa. Sannu a hankali ta fara wuce ni. Ta karɓi taɓaryarta daga hannuna. Wata safiya muna dawowa ta tsaya ta dafa ƙugu ta ce, "Kin san me nake tunani? Ashe ba ɗaya ba ne ke barci. Jerin su ne, duk sun yi layi, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fara fita. Halin gidanku ne, Malama, jan ƙafa." Muka yi dariya har wata mai tallan nono ta tsaya tana kallonmu.

Daga nan na koma kallon mata da wani ido. A kasuwa, a gidan biki, a motar haya, sai in ga wata da ɗan gashi a haɓa ko duhu a wuya, in ce a raina ko ita ma tana da tata jigidar. Ban daina karanta littattafaina ba, har yau ban daina ba, amma na fara ganin cewa marubutan sun tsaya a fata. Sun ƙirga gashin ido da tsawon wuya, ba su san cewa a ƙarƙashin wannan akwai wata duniya mai duhu da motsi, da 'yan aike suna kai da komo dare da rana ba tare da mai jikin ta sani ba.

Bayan wasu watanni likitan ya tsayar da ƙwayoyin farko ya ba ta waɗansu, na 'yan kwanaki a farkon kowace al'ada, waɗanda ya ce suna zuga ƙwai ya nuna. Aka yi zagaye na farko ba labari, na biyu ma haka. Aka huta, aka sake. Ni a lokacin na sami gurbin karatun koyarwa na bar gida, sai hutu nake zuwa. A wani hutun ne na tarar Adda tana amai a bayan ɗaki, Dada kuma tana tsaye da buta a hannu tana kallon sama. Wannan karon ba a kira ungozoma ba sai da aka je aka ga allon. Adda ta ce mini ta ga wani ɗan ɗigo yana bugawa da sauri kamar zuciyar tsuntsu, kuma ta tambayi likitan sau da yawa ko ya tabbata wannan ɗan idonsa biyu.

Mace ta haifa, kafin shekarun casa'in su ƙare. Hular ulun ta yi mata yawa da farko, daga baya ta zauna daidai. Dada ta karɓi jaririyar ta duba ta sama da ƙasa, ta ce wa matan da suka zo barka ai ga shi nan, dama ta faɗa, wanda ya kwanta ne ya tashi, gashin haɓa ne kawai ya yaudare ta ta zaci namiji. Ta kuma raɗa mata laƙabin nan na yaran da suka shekara a ciki. Na buɗe baki zan yi bayanin ƙwai da 'yan aike, Adda ta taka mini ƙafa.

Ba ta sake haihuwa ba. Bayan rasuwar Dada suka koma Iware, inda Hamma ya sayi gona, kuma a can take har yanzu. Ciwon sukarin da likitan ya ce ta yi hattara da shi ya same ta da ta manyanta, tana shan maganinsa, tana zuwa gwaji, kunun gyaɗarta kuwa ba sukari, ba mai iya sha sai ita. 'Yar ta girma ta yi aure, kuma har yau da laƙabin Dada ake kiranta. Ta san labarin duka biyun, takan ce na kakarta ya fi daɗi. Matan ƙauyen da al'adarsu ta ɗauke sukan zo wurin Adda a asirce, domin an san ita ce wadda cikinta ya taɓa kwanciya. Ba ta yi musu gardama a kan mai barci. Takan ɗaga haɓarsu ta duba, ta juya wuyansu, sannan ta ce su shirya gobe ta raka su Jalingo a ga hoto.

Da na je wurinta bara na same ta a bakin rumbu tana tsince wake. Ta daina cire gashin haɓar, ya yi fari fat, yana sheƙi a rana kamar ranar farko. Na tambaye ta ina arzikin da aka ce yana jiran mai gemu, har yanzu ina jiran ɗankwalina. Ta nuna jikarta da ke rarrafe a kan tabarma tana jan jigidar da aka ɗaura mata, ta ce in zauna, in kuma na zo da littafi in ɗaga murya.